Mai Gas da Gwaggon Hawa na Tara

Akwai wani mutum da ake kira Mai Gas, yana zaune da iyalinsa a hawan ƙasa na wani dogon bene mai hawa tara. Shagonsa yana manne da ƙofar shiga, kuma kusan duk matan benen a wurinsa suke cika tukunyar gas ɗinsu.

A can hawa na tara akwai wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta, kowa Gwaggon Sama yake ce mata. Mace ce mai tsari, amma bakinta akwai kaifi. A lokacin ita ce shugabar kwamitin mazauna benen.

Wata rana Mai Gas ya shigar da tukwane biyu cikin lifta zai kai wa masu su, sai ga Gwaggo ta dawo daga unguwa da baƙinta. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Fitar da su," in ji ta.

"Gwaggo, hawa na bakwai zan kai su, yanzu zan sauko."

"Lifta ta mutane ce. Mai dako matakala yake bi. Ko so kake ka tashe mu da wuta?"

Baƙin suka kwashe da dariya. Matarsa tana bakin shago, da kunnenta ta ji. Mai Gas ya fitar da tukwanen, ya saɓa ɗaya a kafaɗa ya kama matakala. Washegari aka kafa doka, gas ba ya shiga lifta.

Dokar ba ta dame shi kamar dariyar ba. Shekara da shekaru yana hawa da tukunya a kafaɗa, duk inda ya tsaya yin haki sai ya ji dariyar nan a kunnensa. Idan sun haɗu zai rusuna ya ce, "Gwaggo, an wuni lafiya?" Amma a ransa yana cewa, akwai ranarki.

Kwanci tashi, kasuwa ta buɗe masa, ya ɗauki ma'aikata, ya yi tumbi. Gwaggo kuwa ciwon gwiwa ya kama ta, ta ajiye shugabanci. Da aka zo zaɓe, Mai Gas aka ba.

Ita ma liftar ta tsufa. Ƙofarta sai an taimaka mata da hannu take rufuwa, in ta tashi tsayawa sai ta girgiza mutum har hanji. Wani lokacin ka danna biyar ta sauke ka a shida. Mutane har sun sa mata suna Kaka.

Aka kira injiniya. Ya shiga ɗakin inji, ya leƙa ramin, sannan ya sami Mai Gas a shago.

"Shugaba, hanya biyu ce. Ƙarafunan da take bi da akwatin da ake shiga duk lafiyarsu lau. In aka canza injin ƙofa, da igiyoyi, da na'urar da ke sarrafa ta, za ta koma kamar sabuwa. Aikin sati biyu ne."

"Ɗaya hanyar fa?"

"A tumɓuke komai a sa sabuwa. Amma sai an ƙara zurfin ramin, kuma sai ku yi wata uku kuna bin matakala. Ni dai gyaran nake ba ku shawara, tunda akwai tsofaffi a sama."

Wani daɗi ya ratsa Mai Gas tun daga kai har ƙafa. Wata uku. Hawa tara. Gwiwa mai ciwo.

Ranar taron mazauna benen ya miƙe ya yi magana kamar mai wa'azi. Ya ce gyara faci ne, kuma ba a yi wa ran mutane faci. Ya ce wa zai ɗauki alhaki in igiya ta tsinke da yara a ciki? Maganar da injiniya ya yi cewa ƙarafunan lafiyarsu lau, wannan ya haɗiye ta.

Gwaggo ta ɗaga sandarta. "Shugaba, ni fa ina zuwa asibiti gashin ƙafa duk sati. In aka tsayar da lifta wata uku, ta ina zan sauko?"

Ya juyo yana murmushi. "Gwaggo, ai matakala tana nan. Wasunmu sun daɗe suna bin ta, ba su mutu ba."

Gwaggo ta dube shi, ta sauke sandarta a hankali. Tsoro ya riga ya shiga mutane, aka ɗaga hannu, sabuwar lifta ta yi rinjaye.

Da suka koma gida matarsa ta ce, "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Matar nan ta haife ka."

"Ni na sa mata ciwon gwiwa? Ki bar ni, kowa ya ɗanɗana."

Aka fara aiki. Satin farko Gwaggo ta sauko, tana dafa bango tana hutawa a kowane hawa. Mai Gas ya jawo kujera bakin shago, ya harɗe yana kallo. Da ta iso ƙasa jikinta na rawa, ya ce, "Sannu Gwaggo, motsa jiki ai lafiya ne."

Sati na biyu a hawa na huɗu ta zauna ta kasa gaba ta kasa baya, sai da maza biyu suka mayar da ita sama. Daga nan ba ta ƙara saukowa ba. Gashin ƙafa ya tsaya. Mai Gas ya ji labari, ya ci abincinsa har da ƙari.

Ana cikin haka, masu haƙar ramin lifta suka fasa babban bututun ba-haya na benen gaba ɗaya. Kafin a kashe ruwa, ƙazantar hawa tara ta malalo ta cika hawan ƙasa. Ta shiga falon Mai Gas, ta shiga ɗakin kwana, ta jiƙa katifu da kayan yara. Masu duba lafiyar gini suka zo, suka ce babu mai kwana a nan sai an fasa daɓen an sake shi. Aikin lifta ma aka dakatar.

Ga shi matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, aiki aka yi mata, ɗinkin ko warkewa bai gama ba.

Mai Gas ya bi ƙofa ƙofa. A lokacin injiniya ya riga ya faɗa wa mutane abin da ya ba da shawara tun farko, magana ta zagaye benen. Na hawa na biyu ya ce baƙi gare shi. Na hawa na uku ko ƙofa bai buɗe ba. Wata mata a hawa na biyar ta ce, "Shugaba, ka je sabuwar liftarka ta ba ka masauki."

Yana zaune a matakala ya haɗa kai da gwiwa, sai maƙwabciyar Gwaggo ta sauko.

"Gwaggo ta ce ka hawo da mai jego da yara. Tana da ɗaki biyu babu kowa."

Ya so ya ce a'a. Ya dubi matarsa tana tsaye da jariri a cikin wari, ya haɗiye maganar. A kan kujera aka ɗauki matar, shi da wasu maza, tana cije leɓe a kowace kwana saboda ɗinkin. Da suka kai sama ya ga jini ya ɓata zaninta.

Gwaggo tana kan gado, ƙafafunta sun kumbura sun sanƙare. Ta sa aka gyara wa mai jego shimfiɗa, aka kira mata ma'aikaciyar jinya. Sannan ta dubi Mai Gas.

"Matarka da 'ya'yanka ba su yi mini komai ba, gidansu ne. Kai kuma ba kyauta za ka zauna ba. Kai ka cire mini ƙafa, kai za ka zama ƙafata."

Haka aka yi. Cefane shi, magani shi, ruwa in ya ɗauke shi. Ranar asibiti ya goya ta ya sauko da ita, ya sake goya ta ya hau. Gwaggo ba ta raga masa ba. In ya tsaya haki sai ta ce, "Shugaba, motsa mana, likita ba ya jira." Mutanen benen suna leƙowa suna ƙunshe dariya.

Wata ukun nan sai da ya ninka. Da likita ya duba ƙafafun, ya girgiza kai. Ya ce an bar gashin ya daɗe, gwiwoyin sun riga sun ƙage, sai dai keken guragu.

Ranar da aka buɗe sabuwar lifta, Mai Gas ne ya turo keken Gwaggo ciki. Ƙofa ta rufe shiru, babu ƙara babu girgiza. Su biyu ne kawai.

Gwaggo ta ce, "Ɗana, maganar da na faɗa maka a gaban baƙi, ban kyauta ba. Na daɗe da sanin haka, girman kai ya hana ni faɗa. Ka yafe mini."

Ta waiwayo ta dube shi, ta ci gaba.

"Ni magana ɗaya na yi maka, kai ka karɓi ƙafafuna biyu. To faɗa mini gaskiya, yanzu ka huce?"

Har lifta ta kai ƙasa ƙofa ta buɗe, Mai Gas yana riƙe da keken, hawaye na zuba a kan rigarsa.

Darasi: Ka kiyaye harshenka, domin kalma ɗaya ta wulaƙanci tana iya zama a zuciyar mutum shekara da shekaru. Kai kuma da aka ɓata wa, kada ka mayar da amanar jama'a makamin ramuwa. Ramuwa ba ta tsayawa inda ka auna ta, takan bi ta kan iyalinka, kuma wata ɓarnar ba ta gyaruwa ko ka yi nadama. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da wani a zuciya da zai karanta ya sauke.