Kurege da Shari'ar Dutsen Gwarando

To, ku gyara zama, ga wata nan tafe da ƙafarta.

Dutsen Gwarando ba ƙaramin dutse ba ne. Duk bazara namun daji kan kai tuwo da zuma bakin kogonsa don roƙon ruwa, abin da iskokin dutsen suka rage kuwa na mai dutsen ne. Da mai shi ya mutu ba magaji, Kura da Damisa suka kai ƙara gaban Alkali Giwa, kowa na rantsuwa gadon kakansa ne.

Kurege kuwa yunwa ta mai da shi kamar tsinke, amma bakin nan yana nan daram. Ya ba Alkali shawara a daina wahala, a je a tambayi dutsen da kansa. Kafin su hau, ɗan banzan ya zagaya ta baya ya faɗa cikin wani tsohon tulu a kogon. Da Alkali ya yi tambaya, sai murya ta fito rugugu: "Na Kurege ne, tun kaka da kakanni."

Kura ta kusa suma. Alkali ya yanke hukunci. Kurege ya baje kan tuwo da zuma, yana ci yana kirari: "Ni ne ƙaramin da dutse ya san sunansa."

Da gari ya waye, tsohuwa Kunkuru ta tuna wa jama'a al'ada: sabon mai dutse sai ya gai da iskokin a gaban kowa su amsa, in ba haka ba hukunci ya tashi. Kurege ya dake. Ya rangaɗa gaisuwa, ya ce iskokin kakansa ba sa amsawa sai kowa ya rufe ido. Suka rufe, ya zura da gudu ya nufi tulun cikin kogon.

Kai ya shiga tulu, kafaɗa ta shiga, cikin da ya sha tuwon jiya ya ce atafau. Garin mutsu-mutsu tulun ya gangaro, ya fashe a gaban Kura.

Wallahi har ni na tausaya masa. Ya sha mari, ya sha tokari, da ƙyar ya kuɓuta da rabin gashin wutsiya.

Da ya kai bakin raminsa, ya waiwayo yana ɗingishi ya ce, "Dutse dai nawa ne. Aro na ba ku, ku riƙe min shi da kyau."

Nan tawa ta tsaya, ƙurunƙus kan fasasshen tulu.