Manomin da Ya Ƙi Tabarma

Akwai wani manomi da ciwon rawar jiki ya kama. Hannunsa na karkarwa, in yana tafiya kuma sai ƙafafunsa su kafe kamar an dasa su, har ya sha faɗuwa. Matarsa Keziya, saboda tsabar ƙauna, ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ko buta ta hana shi ɗauka. Kayya! Kafin damina ta wuce, tashi ma ya gagare shi.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Tun yana saurayi, da ƙafarsa yake kai nunan farin gonarsa gaban bagaden majami'a ranar godiyar kaka, bai taɓa aika wani ba.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce wa Keziya, "Mama, tabarmar nan ce ke ƙarasa shi. Kullum ya tashi, ya tsaya jikin bango, ya taka. Ki tsaya kusa, amma kada ki riƙe shi. In ƙafa ta kafe, ki ba shi kiɗa ya bi."

Sai Keziya ta jawo turminta kusa da bango. Tana daka, shi kuwa yana taku bisa sautin taɓarya. Wata safiya ya yi tangal-tangal ya zube. Ta yar da taɓarya tana kuka. "Maigida, ya isa haka! Ai Allah ya san zuciyarka."

Ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Ya sani. Ɗauki taɓaryarki."

Ranar godiya ya ɗauki ƙwaryar gero. A tsakiyar majami'a ƙafafun suka kafe, gero na zuba. Dattawa suka zabura za su karɓa. Keziya ta tare su, hawaye a ido, ta ɗaga waƙa, matan zumunta suka buga tulu. Ya ɗaga ƙafa. Ya sake ɗagawa. Rabin geron ya tsiyaye a hanya, amma da hannunsa ya ajiye sauran.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manomin ni ne, kai ne. Tabarma ita ce tsoron sake faɗuwa, mai hana wanda ya yi tuntuɓe komowa gaban Ubangiji. Takun safiya shi ne addu'a da karatun Magana, kullum, ko jiki na rawa. Ku iyaye da dattawa, ku tsaya kusa da mai rauni, ku ɗaga masa waƙa, amma kada ku karɓe masa ƙwaryarsa. Kai kuma da ka faɗi, Ubangiji bai ce sai da cikakkiyar ƙwarya ba. Tashi ka taka.