Kukan da Inna Kaɗai Take Ji

Akwai wani mutum da ake kira Mai Katako, saboda tun yana saurayi aikinsa ke nan, tsayawa gaban injin tsaga katako daga safe har yamma. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Inna, idonta ya mutu, amma bakinta da wayonta suna nan daram.

Yana da wata tsohuwar mota, daga shi sai ita suke shiga, in zai kai ta wajen likitan ido. Don ya faranta mata, ya sayo sababbin lasifikoki da na'urar ƙara sauti, ya haɗa da kansa a bayan kujerarta. Mutumin kuwa akwai ji da kai, a ganinsa babu abin da hannunsa bai iya ba.

Ranar farko da ya kunna rediyo suka hau titi, Inna ta toshe kunne.

"Kai, wannan kukan fa? Kamar sauro ya shige mini ƙwaƙwalwa."

Ya kasa kunne. Mai labarai kawai yake ji, tas.

"Inna, babu komai."

"Akwai. In ka ƙara gudu sai ya ƙara tsini."

Haka aka yi ta yi. Duk fita sai ta yi ƙorafi, shi kuma ko alama ba ya ji. Tun yana dariya har dariyar ta ɗauke, don ya tuna yayar Inna. Ita ma da jin ƙarar da babu ta fara, kafin ta daina gane 'ya'yanta.

Tsoro ya kama shi ba kaɗan ba. Abinci ya daina shiga. Yana gaban inji, hankalinsa na gida. Ya kira ƙanwarsa da ke aure a nesa a waya, ya fita tsakar gida, a cewarsa yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna ta fara jin abin da babu. Zan kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, amma zan ce mata na ido ne."

Ranar tafiya suka hau hanya, tunani ɗaya ke damunsa. In likita ya ce a kwantar da ita fa? Yana taka totur, Inna ta ce, "Ga shi nan ya dawo."

Haushi da tsoro suka haɗu suka turnuƙe shi. Ya karkata motar gaban rumfar wani mai gyaran wutar mota.

"Bari gwani ya gaya miki da bakinsa, Inna, ko kya huta."

Mai gyaran ya leƙo da kai ta taga, ya ce a kunna rediyo a taka totur. Ko gama takawa Mai Katako bai yi ba, mutumin ya yamutsa fuska.

"Subhanallahi! Malam, a haka kuke yawo? Sannu Mama, kin sha azaba."

Mai Katako ya yi sororo. "Kana jin wani abu?"

"Ai ko daga bakin titi ana jin wannan. Ƙarar abin da ke cajin batir ce take biyo waya ta fito ta lasifika, shi ya sa take tashi tare da inji. Wa ya yi maka haɗin nan?"

Inna ce ta amsa: "Gwanin gidanmu."

Mai gyaran ya buɗe but ɗin bayan motar ya ɗaga shimfiɗa. Baƙar wayar da ya kamata ta kama tsuran ƙarfen mota, ashe a kan fenti aka ɗaure ta, notin ma sako-sako. Wayar sauti kuma an naɗe ta tare da ta batir kamar kitso. Ya kankare fentin har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure wayar tamau, ya raba sauran kowace da gefenta.

"Taka mu ji."

Ya taka. Inna ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Ya tafi."

Shi kuwa Mai Katako, wallahi bai ji wani bambanci ba. Yadda rediyon yake ɗazu, haka yake yanzu.

Mai gyaran ya dube shi da kyau. "Malam, wane aiki kake yi?"

"Injin katako."

"Kana toshe kunne in kana aiki?"

"A'a."

Mutumin ya girgiza kai, ya hau tattara sifanunsa.

Mai Katako ya koma mazauninsa. Inna ta lalubo kafaɗarsa daga baya.

"Likitan da za ka kai ni, na san ba na ido ba ne. Ranar da kake raɗa da ƙanwarka, har maƙwabta sun ji."

"Inna, ki yafe mini."

"Ni ma ka yafe mini. An daɗe ina kiranka daga ɗaki ba ka amsawa. Na ɗauka ka gaji da ni ne, har kuka na yi a ɓoye."

Hawaye suka zubo masa, ya kasa ko juyowa.

"To ja motar mana," in ji ta, da ƙarfi yadda zai ji. "Asibitin dai za mu. Amma yau ni zan kai ka."

Darasi: Rashin jinka ba hujja ba ce cewa babu. In wani naka ya dage yana kukan abin da ba ka ji ko ba ka gani, bincika tukuna kafin ka zarge shi, musamman iyaye, don wataƙila matsalar a wajenka take. Ku tura wa 'yan'uwa, ba mamaki akwai wata Inna da ake shirin yi wa irin wannan.