Zanen da Ba na Hambali Ba

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Hambali. Sana'arsa zane a kwamfuta, irin zanen nan da ake jan layi tsaf-tsaf, ko an ƙara masa girma ya cika bango ba ya dusashewa. Shi hannunsa a kan yara ya faɗa: yara masu kumatu, kai ƙato, ƙafa 'yar guntuwa, kana gani sai dariya. Shekara bakwai yana yi, jama'a, shekara bakwai, bai taɓa samun babban aiki ba.

A garin akwai wata mai zane, Lantana, wadda ba kowa ya san ta ba. Ita mata take zanawa, dogaye, cikin atamfa da leshi, da ɗaurin ɗankwali na kece raini. Rannan ta turo wa Hambali wani zane ya duba mata. Zanen ya burge shi, ya ɗora a shafinsa, ya rubuta "Masha Allah" kawai. Ya manta bai sa sunanta ba.

To, ku saurara. Kwana uku sai ga waya daga Alhaji Ɗayyabu, mai kamfanin atamfa.

"Malam Hambali, zanen nan naka ya tafi da ni. Tallan atamfar sallar bana, kai za ka zana mana. Gobe ina nan tafe."

Kafin ya buɗe baki, Alhaji ya kashe waya. Matar Hambali, Asabe, da ta ji komai, ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya girgiza kai.

"Asabe, ba nawa ba ne. Na Lantana ne."

"To Maigida, ba za ka iya irinsa ba?"

"Zan iya mana. In shimfiɗa nata a ƙasa, in bi layi, in sauya launi, ko ita sai ta ƙura ido. Amma ita ta ƙirƙiro shi, ni ban ƙirƙiro ba."

Kada ku ɗauka abin bai yi masa zafi ba. Wallahi ya yi! Aikin da ya shekara bakwai yana roƙon Allah, ga shi ya zo har gida, amma ba shi yake nema ba.

Washegari Alhaji ya iso. Bayan gaisuwa Hambali ya ce, "Alhaji, ka yi mini afuwa. Zanen da ka gani na wata baiwar Allah ne, ni na yi sakacin barin sunanta. Tashi in kai ka."

Ya shige gaba a babur, motar Alhaji na biye, har ƙofar gidan su Lantana. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta dafe ƙirji.

"Ni? Malam, ni?"

"Ke fa! Ɗauko sauran ki nuna masa."

Ta ɗauko, tana kuka tana dariya. Alhaji yana dubawa yana "Kai! Kai!" Nan take ya ba ta aikin.

Na ga kuna jira in ce shi ma an ba shi wani aikin. Ba a ba shi ba! Gida ya koma wajen yaransa masu kumatu. Amma da sallah ta zo, aka kafa matan Lantana a allunan gari, da sunanta a ƙasa ɓaro-ɓaro, Hambali ya ɗauki Asabe a babur suka yi ta zagaye. Duk allon da suka tarar sai ya tsaya, baki har kunne, ya tare masu wucewa: "Ni na san wadda ta zana wannan!"

'Yan uwa, gaskiya ke nan: ka mayar wa mai abu abinsa, kuma ka taya shi murna da zuciya ɗaya. Dukkanmu da waya a aljihu. Zanen wani, ɗinkin wata, rubutun wani, mu yanke sunan mu tura, a yi ta yaba mana muna "na gode". Hakki ne, kuma za a tambaye mu. In an yabe ka a kan abin da ba kai ka yi ba, buɗe baki ka ce ba naka ba ne, ka faɗi sunan mai shi. Allah ya ba mu ikon faɗa.