Kukan Keken Birnin Tsololo

A zamanin da mutane da aljanu ke cin kasuwa ɗaya, an yi wani sarki, Nomau ɗan Ƙosau, jikan Bagudu mai wuyan bajimi, ma'abocin Birnin Tsololo, birni dogo, fari fat, a bisa ƙololuwar dutse, wanda ba shi da rafi ba shi da tafki sai rijiya ɗaya tal mai zurfin da ido ba ya kai wa ƙarshensa. Ruwanta ba ya hawowa sai da wani ƙaton keken ƙarfe, keken kuma ba mai iya juya shi sai wani tsohon aljani, Dambaza, wanda kakannin sarki suka ɗauka aiki bisa sharaɗin a ciyar da shi har ya ƙoshi.

To, ga abin takaicin. Keken nan kuka yake yi, ƙiii ƙiii, irin mai sa haƙora tsami, sandar da yake juyawa a kanta kuwa har ja take yi don zafi. Maimakon su ji kunya, sai mutanen garin suka mai da abin ado. Suka sa masa suna Kukan Sarauta, maroƙa na yi masa kirari, aka ma kafa doka cewa duk wanda ya kusance shi da mai a datse masa hannu. Tir da wannan wauta! Kukan na ƙaruwa, ruwa na raguwa, Dambaza na ramewa yana ƙara ci, har ya share rumbunan gari kaf, saura rumbun iri kaɗai. In an ba shi, babu shuka bana. In an hana shi, babu ruwa.

Sarki ya kira ɗansa Barmo, saurayi kyakkyawa, tsaf-tsaf, mai ƙyanƙyamin tsiya, ya ce, "Tafi fadar Burgudu sarkin aljanu, ka roƙo mana wanda ya fi wannan tsohon ƙarfi."

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, an gama."

Ya keta dajin ƙaya mai zagin matafiya, ya haye kogin narkakkiyar darma, ya ratsa birnin da mutanensa ke tafiya da ka, har ya isa fadar. Shi da ya zaci zinariya da turare, sai ya tarar da maiƙo. Bango maiƙo, daɓe maiƙo, fadawa baƙaƙe, ƙattai, suna lasar yatsu, ƙudaje gululu, ga Burgudu a kishingiɗe kitse na ɗiga daga gemunsa. Abu ɗaya dai ya lura da shi, ƙyamaren fadar masu girman tsauni suna buɗewa ko ƙis ba a ji.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana buƙatarsa. Burgudu ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ya kai ɗan Adam, murza tafukanka." Barmo ya murza har suka yi zafi.

"Zafin nan daga ina?"

"Ranka ya daɗe, daga ƙarfin hannuna."

"Ƙarfin hannunka daga tuwo, tuwo daga dawa, dawa kuma abin da ta tara daga rana ne. Ƙarfi ba ya mutuwa, ba kuma mai ƙago shi, masauki kawai yake sauyawa. Dawarku na shiga cikin Dambaza, ta fito ta damatsansa ta shiga keke don ta ɗago ruwa, amma mafi yawanta a gugar ƙarfe da ƙarfe take zama zafi da ƙara ta bi iska. Rumbunanku kuke saurara suna kuka, kuna tafi!"

Sai ya yaƙuto maiƙo daga gemunsa ya lafta wa Barmo a tafi. Barmo ya sake murzawa bisa umarni, hannu ya zame sulɓ, zafi bai zo ba.

Burgudu ya ce, "Ƙarfen keken nan namu ne, man shanu da man kaɗe ba sa zama a kansa. Sai kitsen macijin da ya mutu a ramin bayan fadata tun kafin a haifi kakanka. Da hannunka za ka ɗiba, a kanka za ka kai."

Kai, wari iri-iri ne, amma na ramin nan daban yake. Barmo ya shiga har gwiwa cikin ruɓa, kore shar, tsutsotsi na masa tafiya a ƙwauri, yana kakari yana kwasa har ya cika tulu. A hanya rana ta fara narkar da kitsen yana bin goshinsa zuwa leɓe, sai ya naɗe tulun da jiƙaƙƙiyar ciyawa don kada zafi ya shige shi, ya ci gaba yana tofar da yawu yana tsinuwa.

Da ya shigo gari mutane suka watse suna toshe hanci. Ya tarar an riga an fasa rumbun iri, an girke wa Dambaza akushin farko. Waziri ya tare shi, da bakin rawani a hanci, ya ce, "Yarima, doka fa! Hannu ne!"

Barmo ya ce, "Ku datse, amma sai na gama."

Ya haye keken, ya cusa kitsen a sandar, ta yi cuuu, hayaƙi mai ɗoyi ya turnuƙe. Dambaza ya tura. Shiru. Keken ya juya sumul, guga na bin guga, ruwa ya cika kwatami ya malala tituna. Sarki Nomau ya soke dokar da bakinsa, ya cire rawaninsa ya naɗa wa ɗansa, da ɗoyin da komai.

Dambaza kuwa ya yi loma kaɗan, ya dubi akushin, ya ture shi gefe. Ya ce, "Ku mayar da sauran irin cikin rumbu, ku shuka. Na ƙoshi." Tsofaffin garin suka fashe da kuka, don tun da aka haife su ba su taɓa jin ya faɗi haka ba. Allah ya raba mu da yi wa asara kirari, amin.