Ƙanzon da Ke Cikin Injin Mati

An ce wai wata Laraba da damina, ana yayyafi tun safe, aka jawo motar Mati direba da igiya zuwa garejin bakin kasuwa. Injin ya buga a hanya.

Mati ya nufi rumfar Ilu makanike yana huci. "Sati uku da ka yi mini juyen baƙin mai! Gurɓatacce ka zuba mini!"

Dokar garejin kuwa ita ce duk wanda ya zuba jabun mai ya kwashe kayansa ya bar wurin har abada.

Aka kai magana gaban Malam Bawale, sarkin makanikai. Tsohon bai dubi Ilu ba. Ya ce, "Mati, in ta tabbata kana kula da motarka, yau Ilu zai tashi. Yaya kake yi da ita?"

Mati ya bugi ƙirji. "Baba, ban taɓa bari mai ya ragu ba. Kullum sai na ƙara. Duk wata kuma ina zuba maganin nan na gwangwani, mai kauri kamar zuma."

"Kafin na Ilu, yaushe ka yi juye?"

"Juyen me? Shekara biyu ban buƙata ba!"

Malam Bawale ya sa aka buɗe injin. Ciki ya yi ja ya daskare kamar ƙanzon tukunya, hanyoyin mai duk sun toshe. Ya miƙa wa Mati sukudireba. "Kankare mu gani."

Mati ya yi ta kankara har ya yi gumi, abin ko gezau.

"Wannan na sati uku ne?"

Mati ya sunkuyar da kai.

"Maganin yana rage cin ƙarfe, amma ba ya mayar da mataccen mai sabo. Kana ta ɗora tsabta a kan datti." Malam Bawale ya faɗi haka, sai ya juya. "Kai kuma Ilu, da ka kwance mai ka ga yana fita kamar kwalta, me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba, Baba. Yana sauri."

"To ba za ka tashi ba, amma ka rufe rumfa kwana bakwai. Ɓarnar da aka daɗe ana tarawa ba a ɗora wa hannun ƙarshe, amma hannun da ya gani ya yi shiru bai fita ba."

Mati ya rasa inji da lodin damina guda. Ilu ya rasa kwana bakwai, ya kuma rasa Mati mai kawo masa aiki.