Babin da Tsohon Direba Ya Jira

Akwai wani malamin makaranta da abokan aikinsa suke kira Jan Biro, don ba ya ganin kuskure a rubuce ya wuce, ko da a jikin kwalin magani ne. Ya daɗe yana rubuta littafi guda, labarin wani direban babbar mota da ƙaninsa, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji.

Da ya gama kashi na farko sai ya kai wa wani mai buga littattafai. Kullum ya je, maganar ɗaya ce: takarda ta yi tsada, ya dawo wani lokaci. Zuwansa na ƙarshe ya tarar an kwashe littattafan shagon, an jera caja da rigunan waya a kan kantocin.

"Malam, wa ke sayen littafi yanzu?" in ji mai shagon. "Kowa kansa na cikin waya."

Ya miƙo masa rubutunsa, da shatin kofin shayi a bangon.

Da Jan Biro ya dawo gida ya zube a kujera, ko takalmi bai cire ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "To Malam, tunda kan nasu yana cikin waya, ai sai ka bi su can. Ko jira kake ɓeraye su riga kowa karantawa?"

Haka ya buɗe shafi a intanet, yana sa babi ɗaya duk mako. Da babban yatsa yake bugawa, bayan ya sha ƙurar alli da hayaniyar aji. Ido ya yi ja, wuya ya sage, masu karatu kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Mutum ɗaya ne ba ya fashi, wani mai kiran kansa Tsohon Direba. Duk babin da ya fito sai ya bar magana a ƙasa. Wata rana ya rubuta: "Ni ma ina da ƙani irin wannan. Ina jira in ga yadda za su ƙare."

Da lokacin jarrabawa ya zo, takardun ɗalibai suka taru a teburin Jan Biro har ba a ganin fuskarsa. Wani abokin aikinsa da ake kira Na Zamani ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Kai ma dai da son wahala," ya ce. "Ga manhaja nan mai rubutu da kanta. Ka faɗa mata kan labari, kafin shayinka ya huce ta zubo maka babi. Masu karatu yanzu kullum suke so, in ka yi mako sun manta da kai."

Jan Biro ya ce Allah ya kiyaye. Amma gajiya ta ci ƙarfinsa. Ya gwada sau ɗaya, ya ga abin ya fito tsaf, ba kuskuren rubutu ko ɗaya. Daga nan sai kullum babi. Mabiya suka ƙaru, ana ta turo masa hoton wuta da tafi. Da farko yana dubawa kafin ya saka, daga baya ko dubawar ya daina.

Bai ma lura Tsohon Direba ya yi shiru ba.

Yana ɗakin malamai wata rana sai saƙon murya ya shigo daga wata mata.

"Salamu alaikum. Ni 'yar Tsohon Direba ce. Baba yana kwance a asibiti ana masa wankin ƙoda, idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa, ni nake rubuta abin da ya ce. Kwanan nan ya ce in daina. Wai mutanen labarin sun daina magana irin ta mutane. Ya ce in tambaya, ko malamin ne ya rasu wani ya karɓi shafin? In haka ne, mu yi wa iyalinsa ta'aziyya."

Jan Biro ya ajiye wayar a hankali.

Ya koma ya karanta abin da aka yi ta zubawa da sunansa. Uwar direban, wadda shi da hannunsa ya binne tun farkon littafi, ga ta nan tana shanya. 'Yan'uwan sun shirya a layi ɗaya, sun sake ɓatawa a babi na gaba ba dalili. Kalmomi masu santsi, amma babu kowa a cikinsu.

A ranar ya goge duk abin da manhajar ta rubuta, ya faɗa wa mabiyansa gaskiya. Wasu suka zage shi, da yawa suka watse. Na Zamani ya ce ya yi wauta. Matarsa dai ta kwashe tarkacen da ke kan teburin ɗaki ta goge masa shi.

Babin gaskiyar ya ba shi wuya. Ya rubuta ya soke, ya sake ya soke. Da ya samu yadda yake so, bai saka a shafi ba, sai ya kira 'yar Tsohon Direba ya roƙa ta kara wa mahaifinta wayar a kunne.

"Baba, ni ne malamin. Ban mutu ba, lalaci ne ya kama ni. Ka yafe mini."

Wata murya ta amsa da ƙyar: "To karanta mu ji."

Ya karanta yadda direban ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan ƙaninsa, ya kashe inji, amma ya kasa saukowa. Ya karanta yadda ƙanin ya fito ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Yaya, ka tare mana hanya. Ko ka shigo, ko ka matsa."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Can Jan Biro ya ji tsohon yana ce wa 'yarsa, "In malam ya gama, nemo mini lambar baffanki."

Tsohon bai kai ga jin ƙarshen littafin ba. Bayan 'yan makonni 'yar ta turo saƙo cewa Allah ya yi masa rasuwa, kuma baffanta ne yake riƙe da hannunsa.

Jan Biro ya daɗe zaune a ɗakin malamai bayan kowa ya tashi. Shafinsa ya koma kamar da, mutanen ba su da yawa, wuyansa ma bai daina ciwo ba. Ya share ido da bayan hannu, ya yi wa mamacin addu'a, ya ɗauki waya ya fara babi na gaba.

Darasi: Na'ura za ta iya sauƙaƙa maka aiki, amma kada gajiya da son yawan mabiya su sa ka miƙa mata muryarka. Ka yi haƙuri ka yi abinka da gaskiya ko da a hankali ne, don ba ka san wanda yake jiran kalmarka ba. Ku tura wa duk wani marubuci da kuka san ya fara karaya.